Dokar Turai da buhun waken babana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani darasi da muke ɗauka bana a ajin koyon aikin lauya, wato tushen dokokin muhalli na Turai da na ƙasa da ƙasa. Ranar da na ga sunansa a jadawali tsaki na yi. Ina ruwan biri da gada? Ni ɗan mai sayar da wake ne a Dawanau.

Ashe da ruwana tsundum. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe wa busasshen waken Najeriya ƙofa, saboda an yi ta samun sinadarin dichlorvos a cikinsa fiye da miligiram 0.01 a kowane kilo, iyakar da dokarsu ta yarda. Sinadarin nan shi ne a cikin fiya-fiya. Na taso ina ganin Baba yana yayyafa shi a rumbu don kada ƙwari su huda wake, warin ya bi rigarsa har kan tabarmar cin tuwo. Da labarin ya iso kasuwa, cewa ya yi hassada ce irin ta Turawa.

Malaminmu ya buɗe mana sashe na 191 na yarjejeniyar tafiyar da Tarayyar. Akwai rigakafi, akwai kashe ɓarna tun daga tushe, kuma wanda ya gurɓata shi zai biya. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne taka-tsantsan: hukuma ba ta jiran sai masana sun gama gardama kafin ta hana abin da ake zargin yana cutarwa. Haka ƙa'ida ta 15 ta taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da aka yi a birnin Rio a 1992 ta ce, kuma wannan tunanin ya ratsa har cikin dokokin abincinsu. Mu ma mun taɓa ɗanɗana rashin doka, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko na kudancin Najeriya a 1988, kafin yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991, masu taka wa safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe birki.

Kukana shi ne duk wannan yana kulle cikin littattafan Turanci, alhali manomi da ɗan kasuwa yake shafa. Don Allah ku ware shafi ko sau ɗaya a wata, a riƙa warware shi da Hausa.

Da hutu na zauna da Baba na yi masa bayani. Yanzu ya koma buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke shaƙe ƙwaro ba magani. Maganar hassada dai har yau bai janye ba.

Naka,
Wani ɗalibin lauya, Kano