Zuwa ga Alhajin da ya tambayi wa ke riƙe da alƙalami a gidana

Assalamu alaikum, Alhaji. Ina gaishe ka da kasuwa, ina gaida iyali.

Ranar Asabar da ta wuce, saura minti biyu mu rufe shirinmu na harshen Hausa a rediyo, ka bugo waya. Ba zan ce da gangan ka zaɓi lokacin ba, amma ɗan kasuwa irinka ya san sa'ar da ake baje kaya. Ka ce, garin Tawa duka yana ji: "Malam, shekara da shekaru kana yi mana faɗa mu daina rubuta ou a wurin u, mu daina tch a wurin c. To, yaya aka yi ɗiyarka ta zama Roukaya a takardar haihuwa? An ce kai Ruƙayya ka so, madam ta ce a'a. Wanzami ne ba ya son jarfa, ko kuwa a gidan malamin Hausa madam ce ke riƙe da alƙalami?" Ka ɗora da cewa wai Hausar tawa ta neman kuɗin ƙungiyoyi ce. Yaron da ke kan inji ya saki kiɗan rufewa, na fito da amsa a baki. Kafin in kai gida, masu kabu-kabu biyu sun riga sun kira ni mijin-ta-ce.

Maganar kuɗin ƙungiyoyi ba zan ɓata mata tawada ba. Ka san babur ɗina, ka san shekarunsa.

Yadda ka ga takardar ma ba sai na yi bincike ba. Wuri ɗaya na kai ta a yi mini hoto, shagonka ne. Ban san takardun da mutane ke kaiwa can har bita ake yi musu ba. Masu kai takardun asibiti da na gado, ku ji da kyau.

Abin da ya yi mini zafi shi ne matar da ka jawo cikin rediyo, tana ɗaki tana jego, ba ta yi ko arba'in ba. Surukaina sun ji. Abokan aikinta sun ji. Ka mai da ita mace mai taka miji don mutanen fadarku su yi dariya a kan shayi. Tun da ka buɗe ƙofar ɗakina ba sallama, zauna ka ga abin da ke ciki, da izininta.

Gaskiya ne mun saɓa. Harshe da haƙori ma suna yi, balle malamin harshe da matarsa. A kan sunan kansa babu gardama, sunan mahaifiyata ne, Allah ya jiƙan ta, kuma maiɗakina ce ta fara cewa a mayar. Ranar suna liman ya yi addu'a, aka yanka rago, aka raba goro da dabino, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan har maƙwabta suka ji. Cikin duk wanda ya zauna a tabarmar nan babu wanda ya tambayi da wane harafi za a rubuta. Rikicin ya tashi ne da aka zo maganar takarda, ya kuma kai mu kwana goma sha biyu. Ni na ce Ruƙayya, da ƙ ɗinta mai ƙugiya da y biyu, yadda nake koyar da ƴaƴan mutane. Ita ta ce Roukaya. Na yi mata lacca irin wadda nake yi muku ranar Asabar. Ta bar ni na gama, don ta fi ku haƙuri.

Dare na goma sha ɗaya an ɗauke wuta. Ta ajiye kwanon kunun kanwa, ta ce in haska mata akwati da fitilar waya. Ta ciro wata leda da ta sha ninki, ta jera takardu uku a kan tabarma. Ta farko takardar haihuwarta ce, sunanta da ei a tsakiya. Ta biyu takardar BEPC, shaidar cin jarrabawar ƙaramar sakandare, wani magatakarda ya rubuta sunan da é. Ta uku takardar kotu ce, mai hatimi da tambari, tana shaida cewa ita ce ita. Na san labarin, amma ban taɓa ganin takardun a jere ba. Saboda wannan harafi ɗaya aka dawo mata da dosiyenta lokacin ɗaukar ma'aikata. Sau uku tana zuwa Yamai, fiye da kilomita 500 kowace tafiya, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tana kwana a gidan gwaggonta a Bukoki, tana bin layi tun asuba. Ƴan ajinsu suka fara ɗaukar albashi, ita ta yi wata tara tana jiran a yarda ita ce ita.

Ta ce: "Malam, kai Hausa kake wa yaƙi. Ni wannan yarinyar nake wa gudun layi. In yaƙin kake so, ga naka sunan nan da ou a katin ɗan ƙasa, kai da ka girma, je ka fara da shi."

Wannan ita ce matar da ka yi wa ba'a, Alhaji. Shekara goma sha ɗaya tana aiki a ɗakin haihuwa, da hannunta take cika takardar sanarwar haihuwar jarirai, wataƙila har da jikokinka. Ta ga Zeinabou da Zénabou da Zeynabou, ta ga Aïchatou da Aichatou da Aïssatou, ta ga uwa da uba suna dawowa bayan shekaru da takarda a hannu suna roƙon a gyara abin da ba ya gyaruwa sai an je gaban alƙali. A wannan fanni ita ce malama, ni ɗalibi.

Duk da haka ban sallama a daren ba, kada ka ɗauka ni mai sauƙin kai ne. Da safe na tafi ofishin da ake yanke takardar haihuwa da niyyar in yi abin da na ga dama, tun da uba ne ke zuwa. Na rubuta wa magatakarda sunan a ƴar takarda. Yaro ne mai ladabi, ya ce yana sauraren shirina. Ya duba, ya sake dubawa, ya juyo mini da allon kwamfutarsa ya ce: "Malam, k ɗin nan taka mai ƙugiya babu ta a nan." Na leƙa. Ga é, ga è, ga ç, ga à, har da ù, wadda Faransawa kansu a kalma ɗaya tak suke amfani da ita, an ba ta mazauninta. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ya ce abin da zai iya shi ne Rukayya, da k tsirara.

Na tsaya a gaban teburin nan na yi lissafi. Ni da nake cewa kafa daban ƙafa daban, baki daban baƙi daban, ba zan kira Rukayya daidaitacciyar Hausa ba. Kuma ranar da yarinyar ta shiga lakkal, malamar da za ta kira sunaye da ƙa'idar Faransanci za ta karanta, ta tsuke baki a kan u ɗin nan kamar mai busa sarewa, ƴan aji su samu abin tsokana na shekara shida. Rubutu biyu ke gabana, duka gurɓatattu. Ɗaya in an karanta shi sunan uwata zai fito kusa da yadda take amsa shi, ɗayan ba zai fito ba. Na ce ya rubuta Roukaya, na sa hannu. Ka tambayi wa ke riƙe da alƙalami. A hannuna yake, kuma maiɗakina tana gida tana wankan jego, ba ta ma san na fita da wata niyya ba sai da na dawo na faɗa mata.

Da tambayar ƙwarai ka so yi, da ka tambayi me ya hana ƙ shiga wancan ofishi. Tun 1966 masana suka zauna a Bamako kan yadda za a rubuta harsunanmu, da Hausa a ciki. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram, yara suna fara karatu da Hausa. A 1999 ma'aikatar ilimi ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar, ita ce ta ba mu ƴ ɗin da kake gani a wannan wasiƙa, inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke sa 'y. A watan Oktoba na 2024 titin Charles de Gaulle na Yamai ya koma titin Djibo Bakary. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Na yi murna, har na kasa barci. Amma allon titi ana sauke shi da tsani da safiya ɗaya. Harafi kuwa sai an sa shi a kwamfuta, a rajista, a katin ɗan ƙasa, a takardar jarrabawa, a koya wa magatakarda da malamar aji, duka a tare, in ba haka ba yaron da aka fara da shi shi zai sha wahalar. Har yau in ka kama hanyar Yamai, allo yana ce maka Birni N'Konni da Dogondoutchi, garinmu ma Tahoua ne a rubuce, alhali ba tsohuwar da ta taɓa faɗin haka a unguwar Bilbis. Wannan aikin hukuma ne, kuma shi nake ta kira a kai shekara da shekaru. Ban taɓa cewa a ɗora shi a wuyan jaririya ƴar sati biyu ba. In akwai kaset ɗin da na faɗi haka, kawo shi.

Sannan ina asalin da kake kishi? Sunan na ɗiyar Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, matar Sayyadina Usmanu, wadda ta rasu a Madina lokacin yaƙin Badar. A Sakkwato ana rubuta Rukayya, Yarabawa na rubuta Rukayat, a Mali Rokia, a Senegal Rokhaya. Kakana da ya raɗa wa uwata bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Da ajami ya rubuta ranar haihuwarta a bayan wani tsohon littafinsa, takardar tana wurina. Ita kuwa ta rayu ta koma ga Allah ba ta taɓa ganin sunanta da boko ba, na Ingilishi ko na Faransa.

Yanzu kishin Hausar taka. Shekara biyu ke nan, a cikin shirin nan, na ba da misali da wani allon shago da aka rubuta ci gaba da tch a farko, aka kuma haɗe kalmomin biyu. Ban faɗi sunan mai shagon ba, ban faɗi unguwa ba. Tun daga ranar gaisuwarmu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. Allon yana nan, har yau da Ets da Elh. da et Fils, an ma sake masa fenti bara, tch ɗin ta ƙara haske. Laifi tudu ne, Alhaji. Kuma naka allon ba ya bukatar kotu ko hatimi, gwangwanin fenti ɗaya ne da yaro mai tsani.

Ni ka kira ni duk abin da ka so, na saba, wanda ke magana a rediyo ba ya rasa suna. Ita ce ban yafe ba tukuna. A bainar jama'a ka taɓa ta, a can nake so ka ba ta haƙuri. Layin yana buɗe ranar Asabar, na kuma roƙi yaron inji ya bar maka minti biyar cif, a farkon shiri. Ka zo da katin ɗan ƙasarka a hannu, mu karanta wa masu sauraro sunanka harafi-harafi.

Yarinyar tana lafiya. Da yake sunan uwata ne, babu mai iya faɗin sa a gidan, ni da maiɗakina da yayyenta duka Ummi muke ce mata. Goronka na suna yana nan a ɗaure, ba ka zo ba, ba ka aiko ba. Ya fara bushewa, ka turo yaro ya karɓa.

Naka,
Malamin Hausa, Tawa