Sanarwa kan tsaro a wurin aiki

Salam ƴan uwa, barkanmu da war haka. Jiya da rana na ga abin da ya tayar min da hankali, wani daga cikinmu yana saman bene hawa na biyu, bel ɗin tsaro na jikinsa amma bai maƙala ƙugiyar a ko'ina ba, tana ta reto a bayansa. Mu kusan shida muna ƙasa muna kallo, babu wanda ya ce uffan, har da ni. Wallahi shirun namu ya fi damuna.

Kayan kariya kam an ba mu, hular kwano, safar hannu, takalmi, amma in oga ya juya baya sai ka ga hula a rataye jikin ƙusa saboda wai zafi. Wani Ba'amurke, Heinrich, tun 1931 ya ce bayan kowane mummunan rauni 1 akwai ƙananan raunuka 29 da kuma haɗura 300 da aka sha da ƙyar. Masana na jayayya kan lissafin, amma ni dai na yarda bulon da ya faɗo bai sami kowa ba gargaɗi ne.

Saboda haka daga Litinin za mu riƙa tsayawa minti 5 kafin a fara aiki. Wanda ya sha da ƙyar ya faɗa, ba za a yanke masa kuɗi ba, ba kuma za a yi masa dariya ba. Ka ga ɗan uwa zai yi ganganci ka tsayar da shi, ko da ya girme ka, amma cikin ladabi don Allah, ban da tsawa a gaban mutane.