Rahoton Kwamitin Gyaran Rijiyoyin Burtsatse na Unguwa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ga Mai Unguwa, Liman, iyayenmu mata da duk wanda ya sa hannu a aljihu, kwamiti na sanar da ku cewa aikin rijiyoyinmu biyu ya kammala, ruwa kuma yana zuba.

Kowa ya san yadda rijiyar bakin masallaci take a da: sola a sama, batura a ɗaki, inbata mai juya wutar batura ta zama irin wadda injin jan ruwa ke karɓa, ga wata na'ura mai kashe injin da kanta idan tanki ya cika. Abin gwanin sha'awa. To, da tsawa ta ƙona inbatar a damina, duk garin nan aka rasa mai iya taɓa ta. Wanda muka kira daga birni ya zo sau biyu, kowane zuwa da kuɗin mota, daga ƙarshe ya ce sai an yo odar wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba. Muna jiran allon nan 'ya'yanmu suka koma rafi da jarkoki, wasu har suna makarar makaranta. Wannan ya tsaya mana a rai.

An yi ja-in-ja a zaman kwamiti. Matasa suka ce a mayar da komai yadda yake, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, domin tanki da kawunan famfo suna sallamar mutane da yawa a lokaci guda, tsohuwa ma sai dai ta murɗa. Dattawa kuwa tambaya ɗaya suka riƙe: idan ya lalace ranar Juma'a, wa zai gyara shi kafin Asabar?

Da wannan tambayar muka auna kowane kaya. A bakin masallaci mun bar sola da tanki, muka cire batura da inbata, aka zura injin da ke karɓar wuta kai-tsaye daga sola. Rana ta fito ya ja ruwa, ta faɗi ya huta, abin da ke tanki ya kai mu asuba.

A rijiyar bayan makaranta kuwa famfon tuƙa-tuƙa muka kafa, samfurin Afridev, wanda aka ƙirƙiro a Malawi da Kenya a shekarun 1980 takanas don mutanen ƙauye su riƙa gyara abinsu. Yana jan ruwa daga zurfin da ya kai mita 45, namu kuma bai kai nan ba. Bututunsa na roba ne, ba ya tsatsa. Abin da ya fi burge mu, ana zare sandunan da fistan mai turo ruwa sama ta cikin bututun ba tare da an tumɓuke shi ba, saɓanin famfon tuƙa-tuƙa samfurin India Mark II da sai an ɗago bututan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. A gabanmu mata biyu da saurayi ɗaya suka kwance kan famfon da sifana guda, suka canja robar da ta cinye, suka mayar, ruwa ya taso kafin a kira la'asar.

An yi sabon daɓe da magudana zuwa ramin tsotse ruwa. Akwatin kayan gyara yana hannun Ma'aji, takardun kashe kuɗi kuma an manna su a allon masallaci. Saura katangar da za ta hana dabbobi shiga, ita muke roƙon a taimaka da bulo.