Diego Rivera da masu zanen bangon Zango

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirin al'adu da kuka watsa a makon jiya, wanda aka kawo labarin Diego Rivera, mai zanen bangon nan na ƙasar Meksiko. A ƙofar shagona da ke unguwar Nima a Accra na saurare shi tare da abokan hira, kuma ba zan ɓoye maka ba, mun sha dariya. Sai da aka rufe shirin na lura cewa romo aka ba mu aka hana mu nama, domin kusan dukan lokacin ya tafi ne a kan tumbin mutumin da bindigarsa da matansa, aikin da ya sa duniya ta san shi kuwa aka tsallake shi da jimla biyu. Na shafe fiye da shekara talatin ina rubuta alluna ina zana bango a Accra, daga shagon aski zuwa jikin motocin haya na trotro zuwa katangar makarantar Islamiyya, saboda haka nake roƙon ka ba ni fili in cike abin da aka bari.

Ban musa cewa Rivera bauɗaɗɗen mutum ne ba. Ƙato ne mai tumbi da manyan idanu, yakan hau dandamalin aiki da bindiga a ƙugu, kuma ya iya shara ƙarya har ya ce ya taɓa cin naman mutum lokacin da yake ɗalibi, maganar da marubuta tarihinsa suka ɗauka a matsayin shaci-faɗi. Da ya auri Frida Kahlo, ita ma mai zane, a 1929, ya girme ta da shekara ashirin, har iyayenta suka kira abin auren giwa da kurciya. Ya ci amanarta cin amana mai muni, suka rabu a 1939, suka sake ɗaura aure a 1940. Jam'iyyar kwaminis ta kore shi a 1929, shi ne kuma ya shige gaba aka ba Trotsky, ɗan juyin juya halin Rasha da aka kora daga ƙasarsa, mafaka a Meksiko, daga baya suka ɓata. Duk wannan gaskiya ne, kuma babu wanda zan so ɗana ya gada a cikin waɗannan halaye.

Abin da ya kamata mai sauraro ya ji shi ne yadda mutumin ya fitar da zane daga falon attajirai ya kai shi inda talaka ke wucewa. An haife shi a Guanajuato a 1886, ya tafi Turai a 1907, ya daɗe a Paris yana zane irin wanda 'yan boko ke yabawa a rataye a ɗaki. Daga bisani ya zagaya Italiya yana nazarin tsofaffin bangayen majami'u, sannan ya koma gida a 1921, ya tarar da ƙasar da ta fito daga yaƙin juyin juya hali na shekara goma, mafi yawan mutanenta ba su iya karatu ba. Ministan ilimi na lokacin, José Vasconcelos, ya yi tunanin cewa wanda bai iya karanta littafi ba zai iya karanta bango, sai ya buɗe wa masu zane gine-ginen gwamnati. Tsakanin 1923 da 1928 Rivera ya cika farfajiyar ma'aikatar ilimi da zane sama da 100: masu haƙar ma'adinai ana caje su a bakin rami, masaƙa, manoma, malama tana koyar da mutanen ƙauye a fili. Mutanen da a da ba a ganin sun isa a zana su, sai ga fuskokinsu a ginin hukuma.

A matsayina na ɗan sana'a, hanyar aikinsa ce ta fi ɗaure mini kai. Ba fentin gwangwani yake shafawa a busasshen bango kamar yadda muke yi ba. Ana yaɓa farar ƙasa ne a jiƙe, a dama garin launi da ruwa, a zana kafin yaɓen ya sha iska, ta yadda idan ya bushe launin ya riga ya zama jikin bangon. Ma'aikata ba sa yaɓa sai gwargwadon abin da zai iya gamawa a ranar, kuma idan hannu ya kuskure babu gyara sai an kankare wurin an sake yaɓawa. Wanda ya taɓa tsayuwa a kan tsani da rana yana tseren kada fenti ya daskare a buroshi ya san cewa wannan aiki ba ya yiwuwa ga wanda hankalinsa ba ya jikinsa. Saboda haka kalmar "mahaukaci" da mai gabatar da shirin ya riƙa maimaitawa ba ta zauna mini ba.

Amma zanen bango yana da wani rauni da zanen takarda ba shi da shi: bangon na wani ne. Rayuwar Rivera ta nuna wannan sau uku, kuma kowane karo da irin ƙarshensa. A Detroit ta Amurka, tsakanin 1932 da 1933, ya zana ma'aikatan masana'antar mota ta Ford a fuska 27 na bangon gidan adana zane-zanen birnin, bayan ya daɗe yana zagaya masana'antar yana kallon injuna. Wasu malaman coci da 'yan jarida suka nemi a shafe aikin, amma Edsel Ford, wanda ya biya kuɗin, ya tsaya masa, shi ya sa har yau zanen yana nan. A New York kuwa, a 1933, ya sa fuskar Lenin, jagoran kwaminis na Rasha, a zanen da attajiran iyalan Rockefeller suka ba shi kwangila. Nelson Rockefeller ya rubuta masa ya cire, ya ƙi, ya ce sai dai ya ƙara da Abraham Lincoln a ɗaya gefen. Aka biya shi kuɗinsa cif, aka sauko da shi daga dandamali, aka lulluɓe bangon, sannan a watan Fabrairun 1934 aka farfashe shi. Abin da ya ceci aikin shi ne hotunan da wata mataimakiyarsa, Lucienne Bloch, ta ɗauka a ɓoye, waɗanda ya dogara da su ya sake zana shi a birnin Meksiko a wannan shekarar. Ina roƙon Edita ya riƙe wannan batu na hotuna, domin zan dawo kansa.

Karo na uku shi ne ya fi taɓa ni. A 1947 ya yi wa wani otal mai suna Del Prado zane mai tsawon kusan mita 15, ya tara mutanen tarihin Meksiko suna yawon Lahadi a lambu ɗaya, shi kansa yana ciki a siffar yaro. A hannun ɗaya daga cikinsu ya rubuta kalmomin inkarin samuwar Ubangiji, wa'iyazubillahi. Jama'a suka fusata, kuma ban ga laifinsu ba. Aka rufe zanen kusan shekara tara, har sai da shi da kansa ya hau ya goge kalmomin a 1956, shekara guda kafin mutuwarsa a 1957. Da girgizar ƙasa ta 1985 ta lalata otal ɗin, hukuma ba ta bar zanen ya tafi tare da ginin ba. An yanko bangon dungurungum, mai nauyin tan masu yawa, aka ja shi a hankali zuwa wani fili da ke kusa, aka gina masa gida na kansa. Mutanen da ya ɓata wa rai ne 'ya'yansu suka ɗauki wannan ɗawainiya, kuma daga baya har hotonsa aka sa a takardar kuɗinsu ta feso 500.

Duk lokacin da na tuna wannan sai maigidana ya faɗo mini a rai, wanda ya koya mini riƙon buroshi, Allah ya jiƙansa. Shi ma taɓaɓɓe yaran unguwa ke ce masa. Yakan sa hular sanyi a tsakiyar zafin watan Maris, yana dama fenti a gwangwanin madara, kuma ba ya fara aiki sai ya wuni zaune a kan benci yana kallon bango, wani lokaci har yana yi masa magana. Idan mai gida ya matsa masa, sai ya ce bangon bai amsa ba tukuna. Akwai wata doguwar katanga ta gidan burodi da ya zana ana loda goro a babbar mota: dillali da carbi a hannu, yaran mota suna ɗaure huhu, 'yan kayayo masu dako da kwanonsu, mai shayi yana fifita wuta. Saboda wani malami ya taɓa yi masa nasiha a kan surar mai rai, bai zana idon kowa ba, ya juya wa mai kallo ƙeyarsu ko ya karkatar da fuskokin. Duk da haka babu wanda ba a gane ba. Na ga wata tsohuwa ta tsaya da tirenta ta nuna wani mai ɗingishi a jikin katangar ta ce, "Wannan ai mijina ne," alhali mijin ya shekara biyu da rasuwa.

Ba girgizar ƙasa ce ta ci wannan katanga ba. Wata safiya 'yan kwangilar wani kamfani suka zo da bokitai, suka yi wa mai gidan tayin fenti kyauta idan ya yarda a sa tallarsu, kafin azahar sun shafe komai da launi ɗaya. Ban zargi mai gidan ba, domin damina ta ci bangonsa kuma ba shi da kuɗin gyara. Abin da ke ci mini rai shi ne, ni da na wanke wa maigidana buroshi da kananzir har aka gama wannan aiki, ban taɓa tunanin kiran mai hoto ba. Yau ba ni da abin da zan nuna wa jikokinsa.

Na san wasu masu sauraro za su ce me ya haɗa Musulmi da wannan sana'a, kuma tambaya ce da ba a raina ta ba. Hukuncin surar mai rai na malamai ne, ba ni da bakin magana a ciki. Sai dai ƙawata bango ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Duk wanda ya je Zariya ko Kano ko Damagaram ya ga dagi da sauran zayyana a fuskar zaure, har da keke da agogo da takobi da magina suka riƙa fitarwa a jikin yaɓe. A nan Ghana ma matan Sirigu suna zana ɗakunansu da jar ƙasa da baƙi da fari. Kofi Antubam, mai zanen da ya koyar a makarantar Achimota ya kuma tsara kujerar mulkin da Nkrumah ya hau a 1960, ya bar aikinsa a fuskar ginin Community Centre na Accra, amma ka tambayi matasa goma a Tudu ko waye shi ka ji amsar da za ka samu. A Kumasi akwai Kwame Akoto, wanda aka fi sani da sunan shagonsa da ke unguwar Suame, wanda Turawa ke tahowa takanas su sayi allunansa alhali mu muna wucewa a mota ba mu waiwaya ba.

Yanzu kuma ga sabon tashi. Tun da aka fara bikin zane-zanen titi na Chale Wote a unguwar Jamestown a 2011 matasa suka sami ƙwarin gwiwa, kuma 'ya'yan Zango ba a bar su a baya ba. Mai zanen bango Moh Awudu ɗan Nima ne, ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art ma sunanta kaɗai ya isa ya nuna daga inda ta fito. Ina jin daɗin ganinsu da gwangwanayen feshi, ko da yake hannuna bai saba da su ba, kuma wani lokacin launin yakan yi mini yawa. Amma bangon da suke zanawa shi ma na wani ne, kuma da zarar zaɓe ya gabato za ka ga fastocin 'yan takara sun hau kan aikin da aka yi mako guda ana yi.

Roƙona ga Edita guda biyu ne. Idan za a sake kawo labarin mutum irin Rivera, a ba aikinsa lokaci ko da daidai da wanda aka ba tsegumin gidansa. Sannan ku turo wakilinku da na'urar ɗaukar murya da ta hoto ya zagaya Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama, ya zauna da tsofaffin masu zanen alluna tun suna da sauran gani da tunawa, ya ɗauki abin da ya rage a jikin katangu, ku ajiye a shafinku na intanet tare da sunan wanda ya zana. Na san wurare huɗu da har yanzu aikin maigidana bai gama gogewa ba, ɗaya a bayan wani shagon tela inda aka jingina tsofaffin kwanonin rufi suka kare shi daga ruwa. Idan wakilin naku ya zo, ni zan yi masa jagora, amma ya yi ƙoƙari ya riga damina.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa tashar ɗaukaka.

Naka mai sauraro,
wani mai zanen alluna daga Nima, Accra