Shekara Huɗu Ina Riƙonsu, Yau An Ce Ba Ni da Takarda

Assalamu alaikum Barista. Ki yi haƙuri in maganata ta zo a hargitse, kwana uku ke nan ban runtsa ba.

Ranar Talata aka kawo mini sammaci. Baffan yaran da nake riƙo ne ya je kotu, wai a naɗa shi waliyyinsu, a damƙa masa su da dukiyarsu. Mutumin da shekara huɗu ko sabulu bai taɓa aiko musu ba! 'Ya'yan yayata ne, uwa ɗaya uba ɗaya muke da ita. Mijinta ya riga ta rasuwa da wata bakwai, ita kuma ta jima a kwance, ni na yi jinyarta har Allah ya karɓi abinsa. Su uku ne: mace mai shekara 9, namiji mai 14, sai babban mai 22 da aka haifa da larurar ƙwaƙwalwa. Ko maɓallin rigarsa ba ya iya sawa. Da dare sai ya damƙe gefen zanena kafin barci ya ɗauke shi. Shin baffan ya san sunan maganin da yake sha?

Yayata ta ce mini "ga amana nan," a gaban maƙwabciyarmu ta faɗa. Ba mu rubuta ba. Wa zai kawo wa mai jinya biro da takarda? Sai bara da za a yi wa babban aiki a asibiti suka ce wa zai sa hannu, na ce ni, suka ce ina shaidar kotu. Na ce ai ni ce innarsa. Suka ce tunda ya wuce 18 doka babba take ɗaukarsa, sai likita ya rubuta cewa ba ya iya yanke wa kansa shawara, sannan alƙali ya naɗa mai tsaya masa. Da ƙyar aka yi aikin. Na yi niyyar bin takardar, hidima ta sha kaina.

Na taɓa ji a shirinki kin ce riƙon yaro daban, kula da dukiyarsa daban, kotu na iya ba mutum ɗaya riƙo ta ba wani dukiya. Kin kuma ambaci yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, cewa abin da ya fi zama alheri ga yaro ake dubawa. To Barista, wane alheri ne a wurin mutumin da gidan mahaifinsu kawai yake hange?

Af, na manta. Gidan yana haya, ni nake karɓar kuɗin. Wallahi a kansu yake ƙarewa, makaranta da magani da sutura. Sau ɗaya na taɓa kuɗin na biya bashin da na ci lokacin jinyar mahaifiyarsu, kuma ai don ita na ci shi. Rasit ban ajiye ba, ban san waliyyi sai ya kawo lissafi ba. Yanzu yana yawo cikin dangi yana cewa ina cin dukiyar marayu. Ni da na fasa aure saboda su.

Zan iya shigar da tawa takardar, ko na makara? Na babban, shari'a daban za a yi? Shaidar maƙwabciyar za ta karɓu?

Amma gaskiya abin da ya hana ni barci wani ne. An ce alƙali kan tambayi yaron da ya yi wayo inda yake son zama. Watan jiya baffan ya saya wa mai 14 ɗin waya, tun daga nan in na shigo ɗaki sai ya kife ta. Jiya na yi masa faɗa a kan karatu, ya ɗago ya ce, "Ai ba ke kika haife ni ba." In ya maimaita wannan a gaban alƙali, za a raba su ne, ko duka ukun za a ɗauke mini?

Don Allah ki sakaya sunana.