Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram kan halin da layinmu ya shiga

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram, uban talakawa, ta hannun mai unguwarmu da masu girma ƴan majalisar fada.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya kare masarautar Damagaram da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarta. Ranka ya daɗe, mu talakawanka ne, dattawan masallaci da magidanta da iyaye mata da wasu daga cikin samarinmu na layi guda a nan cikin garin Zinder. Muna durƙusawa muna kwasar gaisuwa, muna kuma neman afuwa tun kafin mu fara, in wata kalma ta yi kaifi a cikin takardar nan to ba rashin ladabi ba ne, ciwo ne ya yi yawa.

Ranka ya daɗe, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru daren Juma'ar da ta wuce wayewar Asabar. An yi biki a layinmu, mu ba mu ƙi biki ba, aure sunna ne kuma da yawanmu mun je ɗaurin auren mun karɓi goro da dabino mun yi addu'a. Amma tun bayan la'asar aka toshe layin da bencina da rumfa, aka jera sono kamar za a yi taron siyasa, ɗaya daga cikin lasifikokin ma jikin katangar masallaci aka jingina shi. An yi magariba liman na karatu ba mu jin fatiha, an yi isha'i haka, wani dattijo ya fita ya roƙi yaron da ke sa kiɗan ya rage ko na minti goma ne, yaron ya ce shi an biya shi har asuba, a je a yi magana da wanda ya biya. Wanda ya biya kuwa ba a gan shi ba.

Can dare ya raba sai ga samarin pale, wato ƙungiyoyin ƴan daba na garin nan, guda biyu a kan motoci, kowa da ƴan rakiyarsa, wasu a tsaye kan moto wasu suna ɗaga ƙafar gaba, ƙura ta turnuƙe, ƴan mata na ihu suna ɗauka a waya. Ba mu san me ya haɗa su ba, wasu sun ce kan yarinya ne wasu sun ce kan liƙi, mu dai ƙarar kwalba muka ji sannan aka zaro adduna da gorori. Waɗanda aka fi ƙarfi suka ruga harabar masallaci, aka bi su har ciki. Randunan alwala guda biyu an fasa su, butoci an tattake, kuma Sarki ya fi mu sanin abin da ruwa yake a garin nan, wannan ruwan karo-karo muke yi mu sayi bido wajen ƴan ga-ruwa, akwai tsohuwar da ke kawo dala goma dala ashirin daga kuɗin ƙosanta don a zuba a randar nan.

Duk wannan mai sauƙi ne. Ladaninmu tsoho ne da ya ba saba'in baya, idonsa ma ba ya gani sosai, ya fito da ƴar tocilarsa zai yi kiran farko kamar yadda ya saba tun wasunmu ba su yi aure ba, wani yaro ya kwaso moto a guje ya banke shi ya wuce, ko waiwaye bai yi ba. A adaidaita muka kai shi asibiti, ƙugu ya karye, yana can kwance har yanzu, in ka je gaishe shi abin da yake tambaya shi ne wa ke kiran salla. Ranar nan sai da muka naɗe tabarmi masu jini muka fitar kafin a ta da iƙama. Da gari ya waye yaran makarantar allo suka share wajen alwala, bawon tramol da suka tara ya cika leda, wani ƙaraminsu ya ɗauko ɗaya da sauran ƙwaya a ciki yana tambayar malaminsa ko alewa ce. Kafin azahar kuma bidiyon faɗan ya zagaye WhatsApp, an ɗora masa kiɗa a TikTok, ana ganin ƙofar masallacinmu a baya.

Allah ya ba Sarki nasara, wannan ba shi ne na farko ba, shi ne dai wanda ya fi muni. Mun je wajen mai unguwa, kuma tsakani da Allah ya yi iya nasa, ya kira taro ya yi faɗa ya yi nasiha. Mun kai ƙara inda ake kai ƙara, mun rubuta takarda mun kai ofis an buga mata hatimi an ce za a duba, liman ya yi huɗuba ya sake yi har wasu suka fara cewa ba shi da wata magana sai wannan, iyaye mata sun taru sun je sun roƙi masu abin da kansu, an yi sulhu an karanta fatiha an watse, mun ma manta wanne ya riga wanne. An taɓa zuwa an yi kame, muka yi ta godiya, wanda aka tafi da shi da safe da la'asar sai ga shi zaune a kan bencinsa yana shan shayi yana kallonmu muna wucewa masallaci. Ba mu ce komai ba a kan yadda aka yi ya dawo, ba hurumin talaka ba ne, amma ido ya gani.

Tushen abin, ranka ya daɗe, wani gidan haya ne a ƙarshen layin. Da rana shiru kamar ba kowa, da dare ya yi sai motoci su jeru. Ana sayar da giya a ciki, ana sayar da ƙwaya da wiwi, ƴan mata ƙanana da ba su wuce ajin kolej ba suna shiga da tiren talla su fito ba tire. Mai gidan ba a unguwar yake kwana ba, iyalinsa suna can inda ba a jin wannan hayaniya, kuma mutum ne da in ya shigo masallacin Juma'a ake matsa masa a sahun gaba. Mun same shi cikin mutunci, ya ce shi haya ya bayar, abin da ɗan haya ke yi ba ruwansa. To mu kuma ƴaƴanmu ne ake sayar wa.

Muna so Sarki ya sani ba mun zo ne mu ce yaran nan ba namu ba ne. Namu ne, mu muka yanka musu ragon suna, wasunsu tare da ƴaƴanmu suka yi allo suka yi lakwal. Fadar samari, wato majalisar hira da suke kafawa a unguwa, ba laifi ba ce, mu ma mun zauna fada mun dafa shayi, kuma akwai fadojin da ke share makabarta suna yashe lambatu kafin damina, akwai ma ƴan pale da suka tuba suka kama kabu-kabu suna ciyar da iyayensu, ba za mu yi musu kuɗin goro ba. Kuma mun san zaman banza ne ke cinye da yawansu. Tun 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a hanyar Tanut, yaro yana ganin tankoki na wucewa shi ko jika guda ba ya kwana da ita. Da yawa da ruwa-ruwa suke rufa wa kansu asiri, suna ɗauko mai daga Najeriya suna sayarwa a kwalba bakin titi, da aka cire tallafin mai a can a 2023 kuma aka rufe iyaka a shekarar, sai sana'ar ta karye, masu zuwa Kano da Daura saro kaya su ma suka zauna wata da watanni. Ga masu digiri daga jami'ar André Salifu suna yawo da takardu a ambulan. Duk mun sani. Amma in ɓera da sata daddawa ma da wari, yaron da ba shi da kuɗin kalaci ba shi ne ke shigo da katan-katan na tramol cikin gari ba, ba shi ne ke da gidan haya ba, manya ne, kuma su ba a taɓa ganinsu a bayan motar kame ba.

Malamanmu sun karantar da mu hadisin nan na wanda ya ga abin ƙi ya gyara da hannunsa, in ba zai iya ba da harshensa, in ba zai iya ba da zuciyarsa, kuma sun ce gyara da hannu a irin wannan na masu iko ne ba na kowa ba. Mun tsaya a nan. Wallahi ranar Asabar ɗin nan sai da dattawa suka tsaya a bakin layi suka tare samarinmu na masallaci, sun riga sun ɗauko sanduna wani har da galan na mai za su nufi gidan. Mun hana su don mun ga abin da fushin taro ya yi wa garin nan ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, an ƙona coci-coci da cibiyar al'adu ta Faransa, an rasa rayuka, ba wanda ya ci riba, kuma ba mu son ko inuwar wannan ta sake dawowa. Muna da maƙwabta Kiristoci a layin nan, su ma barci suke so, su ma ƴaƴansu suke tsoro, ɗaya daga cikinsu ne ma ya riƙe ƙafar ladan muka sa shi a adaidaita. Mun faɗa wa samarin su yi haƙuri akwai Sarki. Yanzu kullum sai sun tambaye mu me fada ta ce.

Don haka muna roƙon Mai Martaba, don girman Allah da darajar kakanninsa, ya sa a kira mai gidan nan fada a gaban mai unguwa da limaminmu a ba shi wa'adi ya sallami ƴan hayar. Mu mun san mutumin da zai iya yi wa dattijon unguwa ɗaga kafaɗa ba zai yi wa dogarin Sarki ba. Muna roƙo Sarki ya yi magana da gwamna da hukumar birni da shugabannin ƴan sanda a kan masu sayar da ƙwaya, dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana nan tun 1999, hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucinsu tana nan, ba sabuwar doka muke nema ba, a bi wadda ke akwai kuma a fara daga sama. Masu tallar magani a tire da kan tebur bakin kasuwa da tasha a san abin da ke ƙarƙashin farasitamol ɗin da suke nunawa.

Sai maganar biki. A sa lokaci, ranka ya daɗe, a ce daga ƙarfe kaza an kashe sono, kuma kada a kafa lasifika kusa da masallaci ko makaranta, kuma duk wanda zai toshe layi ya sanar da mai unguwa ya sa hannu cewa abin da ya faru a wuyansa yake. A sa masu shela su zaga da wannan, a faɗa a gidajen rediyo, limamai su karanta a huɗuba rana guda daga Birni har Zango, Garin Malam, Sabon Gari, Karkada, don mun ji ba mu kaɗai ba ne, duk inda ka zauna ta'aziyya hirar ke nan. Wasan moto a cikin unguwa a hana shi gaba ɗaya, mai son nuna gwaninta ya fita bayan gari. Yaron da ya banke ladan an san shi, an san gidansu, ba mu ce a kashe shi ba amma a kira ubansa ya ɗauki kuɗin magani, ya zo ya duba tsohon nan ko sau ɗaya, har yau ba wanda ya taka.

Muna kuma roƙon fitila. Lokacin shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa a 2018 an gyara manyan tituna an sa fitilu mun gani mun yaba, amma lungunanmu suna nan cikin duhu, kuma a duhun nan ake komai. Ko guda biyu masu hasken rana aka kafa mana a bakin masallaci da ƙarshen layi sun isa. Iyaye ma a ja musu kunne, mu da kanmu muke faɗa, uwar da ke ɗora wa ƴar shekara goma sha biyu talla bayan isha'i ta ce kar ta dawo sai ya ƙare, ita ma a kira ta. In da hali Sarki ya tara attajiran garin nan da sarakunan sana'a, maƙera da dukawa da mahauta da masu gareji, kowa ya ɗauki yaro biyu uku ya koya musu, Damagaram an san ta da aikin fata tun kafin Nasara ya zo, yau dukawan na kukan ba magada, yaran kuma na zaune suna ɗaga ƙarfe. Sannan gidan nan dai, ranka ya daɗe, gidan nan, in an yi duk sauran aka bar shi ba a yi komai ba.

Allah ya ja zamanin Sarki, garin nan Sarki Tanimu ya kewaye shi da ganuwa, nan ne hedikwatar ƙasar Nijar har 1926, garin malamai ne da alarammomi, mu ba mu saba jin an ambaci Zinder sai a ce garin pale ba, kuma ba mu son jikokinmu su saba. Ba mu da wani uba da za mu kai wa kuka bayan Allah sai kai. In mun yi kuskure a lafazi a yafe mana, talaka bai iya maganar fada ba.

Muna sanar da Mai Martaba cewa akwai wani bikin da aka sa a layin nan ƙarshen watan nan, kuma mun ji masu sono ɗin nan aka sake kamawa. Muna roƙon a aiko mana ko dogari guda kafin ranar. Wakilanmu suna nan a shirye duk lokacin da fada ta neme su, ledar ƙwayar da yara suka share tana wajen liman a ajiye, takardun asibitin ladan ma suna hannunmu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga talakawan Sarki, jama'ar masallaci da mazauna layin, sa hannunmu da dangwalen yatsun waɗanda ba su rubutu suna haɗe a takarda ta biyu.