Wasiƙa daga Zariya: yaran gidanmu da ramin taki

Assalamu alaikum mutumina,

Ya iyali, ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan alhamdulillah, sanyi ya shigo, hazo ya rufe gari.

Ka tambaye ni a WhatsApp me nake yi da yara har suka yi buɗu-buɗu a hoton nan, to bari in ba ka labarin da kyau. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yaran nan, jikokin manoma fa, in ka ce musu ƙasa abin da suka sani kawai datti ne, kar ka taɓa za ka ɓata kaya, daga boko sai Islamiyya sai tsakar gidan da aka shafe da siminti. Wallahi abin ya tsaya min a rai, shi ya sa nake tara su ranar Asabar, nawa da na yayana da na maƙwabta.

Dutsen Kufena na nan Zariya na fara kai su. Na nuna musu tsagar dutse inda ciyawa ta fito, na ce rana ta gasa dutsen nan, dare ya sanyaya shi, ruwan damina ya shiga tsagar, saiwa ta bi ta ƙara buɗa ta, a haka yake ɓarewa kamar ɓawon albasa har ya koma tsakuwa, tsakuwa ta koma yashi, ganye da ƙwari su mutu su ruɓe a ciki, sannan a samu ƙasar da za ta iya riƙe dawa. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce santimita 1 kacal na iya cin shekara 1000 kafin ya samu. Na sa kowa ya auna santimita a yatsansa. Sai ƴar yayana ta ce, Baba to jan ruwan nan da ke gudu a kwata in an yi ruwan sama, ƙasar shekara nawa yake tafiya da ita? Ka ji fa, yarinyar da ba ta gama firamare ba. Har ƙurar hunturun da iyayensu mata ke sharewa na ce su daina raina ta, mai yawa daga Bodele take tasowa can ƙasar Chadi, tsohon gindin tafki ne, kuma in ta sauka a gona ƙari ce.

Mun kuma zuba ƙasa da ruwa a gora muka girgiza, ɗaya jar ƙasar tudu ɗaya ta fadamar Galma. Yashi ya kwanta nan take, laka kuwa sai washegari.

Amma inda hankalinsu ya fi tafiya shi ne ramin taki a bayan gida. Busasshen ganye da karan dawa da aka sassara a ƙasa, a kai ɓawon doya da ragowar kayan miya da kashin awaki, a barbaɗa ƙasa da ƴar toka kaɗan, a yayyafa ruwa ya jiƙa dai ba ya yi caɓa ba, a sake wani hawan. Banda nama, banda mai, banda leda da batir, wannan doka ce. Muka soka sanda a tsakiya. Bayan ƴan kwanaki na ce autana ya zaro ta ya taɓa, ya yi tsalle ya ce Baba wa ya hura wuta a ciki! Na ce ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin sharar, zafinsu kan kai digiri 60, shi ke kashe ƙwayar ciyawa. Duk sati 2 a juya, cikin wata 2 zuwa 3 ya koma baƙi mai ƙamshin ruwan farko. Ni nake juyawa da shebur saboda kunama, kuma ba mai shiga ɗaki sai ya wanke hannu da sabulu.

Kuma ai ba sabon abu ba ne, ka tuna jakuna da mangala suna kwashe juji zuwa gona kafin ruwa ya sauka, da Fulani suna zaunar da shanu a gona bayan girbi. Leda ce ta lalata mana juji. Ni ba na ƙin takin zamani, buhun NPK yana aikinsa, amma shi amfanin shekara yake ciyarwa, ba ya sa ƙasa ta yi jiki ta riƙe ruwa, ga tsada. Abin kunya ne a ce garin da ake binciken noma a Samaru tun 1922 yaransa ba su san tana tana gyara ƙasa ba.

Don Allah kai ma ka gwada da naka, kar ka ce ba fili. Tsohon bokitin fenti ya isa, ka huda gindinsa da gefe, ka rufe saboda ƙuda, ka bar su su zuba da hannunsu. Namu takin, tumatir da alayyafo za mu sa wa, in sun fito zan turo hoto.

Ka gaida madam da yara. Yaushe za ka leƙo gida ne, ko sai Sallah?

Naka,
abokinka na Tudun Wada